Sharhi: Manhajar kyauta ce, amma wa zai taimaki jami'in lafiya a Maigatari idan ta ƙi aiki?

Tsakanin 1 ga Oktoban 2022 da 16 ga Afrilun 2023, an samu mutum 1,686 da ake zargin sun kamu da cutar sanƙarau a Najeriya, kuma 124 daga cikinsu sun rasu.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta wallafa a ƙarshen Afrilun 2023 sun nuna cewa jihar Jigawa kaɗai na da mutum 1,252. Wato kusan uku cikin huɗu na duka waɗanda aka lissafa a ƙasar.

A cikin Jigawar ma, ƙananan hukumomi biyu na masarautar Gumel ne suka fi jin jiki. An lissafa mutum 505 a Maigatari, da 247 a Sule Tankarkar. Su biyun sun ɗauki kashi 60 cikin 100 na adadin jihar.

Kowace lamba a cikin waɗannan ta faro ne daga hannun wani ma'aikacin lafiya da ya cike fom, sannan wani jami'i a ƙaramar hukuma ya shigar da bayanin a na'ura, ya tura Dutse, daga nan Abuja, har ya isa Janeba.

Manyan manhajojin da Najeriya ke amfani da su wajen wannan aiki na kyauta ne, kuma a buɗe suke ga kowa. Babu kamfanin da zai rufe su don ba a biya kuɗin lasisi ba.

Sai dai manhaja ba ta gyara kanta. Ranar da ta ƙi buɗewa, ko ta ƙi tura bayanai, dole a samu wanda za a kira. Yanzu da kuɗin masu ba da agaji na ƙasashen waje ke janyewa, wannan tambaya ta dawo gaba a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar: wa zai amsa kiran, da wane harshe, kuma wa zai biya shi?

Yadda lissafi ke kawo rigakafi

Sanƙarau cuta ce mai gaggawa. Tana iya kisa cikin kwana guda, kuma WHO ta ce mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga nau'in da ƙwayar bakteriya ke haddasawa na iya ƙarewa da nakasa, kamar kurumta.

Saboda haka ne ake bin ta da lissafin mako-mako. A ƙa'idar WHO, idan aka samu mutum uku cikin 100,000 a mako guda, an kai matakin gargaɗi. Idan suka kai 10 cikin 100,000, an shiga matakin annoba. Maigatari da Sule Tankarkar duk sun ƙetare wannan mataki na biyu a wancan lokaci.

Lissafin na da nauyi domin da shi ake neman allura. Akwai rumbun rigakafin ko-ta-kwana na duniya da wani kwamiti mai suna ICG ke kula da shi. Ƙasar da ke so a ba ta dole ta gabatar da alƙaluman da ke nuna inda cutar take, da sakamakon gwajin da ya tabbatar da nau'in ƙwayar.

A ɗauki misalin yankin da ke da mutum 50,000. Marasa lafiya biyar a mako sun isa a ce annoba ta ɓarke. Idan bayanan uku daga cikinsu suka maƙale a cikin waya saboda manhaja ta ƙi turawa, abin da Dutse za ta gani biyu ne kacal. Mako guda zai wuce ana kallon wurin a matsayin mai sauƙi.

A 2023 bayanai sun isa inda ya kamata, aka yi gangamin rigakafi a wasu mazaɓun Jigawa a watan Maris. A Maris ɗin 2024 kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka yi amfani da ita.

Abin da ake magana a kai yanzu shi ne yadda za a ci gaba da riƙe wannan sarƙa kada ta tsinke.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja tana da rubutun umarni da aka gina ta da shi. Kamfanoni da yawa suna ɓoye nasu, su sayar da izinin amfani kawai.

Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka saki wannan rubutu a fili. Kowa na iya dubawa, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wasu. Tsarin Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 na daga cikin mafiya shahara, kuma a kansa aka ɗora Android da ke cikin mafi yawan wayoyin da ake riƙewa a arewacin Najeriya.

Uku daga cikin irin waɗannan manhajoji sun zama ginshiƙi a harkar lafiya ta ƙasar.

Ta farko ita ce SORMAS, ta sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa. Ta samo asali ne daga darasin Ebola ta 2014, inda hukumar NCDC da ƙungiyar AFENET da cibiyar binciken Helmholtz ta Jamus suka haɗa hannu. An gwada ta a jihohin Kano da Oyo a 2015, aka mayar da ita buɗaɗɗiya a 2016, sannan aka faɗaɗa ta zuwa duka jihohi a lokacin korona. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ma'aikata ke kira DSNO, shi ne babban mai amfani da ita.

Ta biyu ita ce DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gininta. An fara amfani da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, kuma yanzu ma'aikatun lafiya na ƙasashe sama da 70 na aiki da ita. Majalisar ƙoli ta harkokin lafiya ta Najeriya ta amince da ita a 2013. Kowane wata asibitoci na tattara abin da ke cikin rajistocinsu, kamar awon ciki da haihuwa da zazzaɓin cizon sauro da allurar yara, su miƙa wa jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma ya shigar a cikinta.

Ta uku ita ce ODK, wadda aka fara a 2008 a Jami'ar Washington ta Amurka. Da ita ake cike fom a waya ko da babu sabis, a tura daga baya. Duk wanda ya yi aikin duba-gari a gangamin polio ko wani bincike na gida-gida a shekarun nan, da wuya bai taɓa ta ba, ko 'yar'uwarta KoboCollect da aka gina a kanta.

Wa ke riƙe da igiyar?

Kalmar kyauta tana rufe wani abu. Ba a biyan kuɗin manhajar, amma ana biyan kuɗin rumbun da ke ajiye bayanai, da horas da ma'aikata, da wayoyi, da data, da albashin wanda zai zo ya duba idan an samu tangarɗa.

Mazauna karkara sun san wannan daga famfon tuƙa-tuƙa. Ana haƙa shi kyauta, a yi bikin buɗewa. Ranar da wata 'yar roba ta cinye a cikinsa, idan babu makaniki a kusa kuma babu asusun sayen kayan gyara, sai mata su koma tsohuwar rijiya.

Shekaru da dama, ƙungiyoyin agaji ne suka ɗauki kaso mai tsoka na wannan ɗawainiya a fannin bayanan lafiya. Sashen DHIS2 na allurar yara, alal misali, a Kano aka fara gwada shi a 2014 ƙarƙashin shirin NSTOP na AFENET da tallafin hukumar CDC ta Amurka, kafin a kai shi sauran jihohi. A Jigawa kuma Birtaniya ta daɗe tana zuba kuɗi a harkar lafiya ta shirye-shirye irin su PATHS da PRRINN-MNCH da MNCH2 da Lafiya.

Wannan tsari ya girgiza a 2025. Ranar 20 ga Janairu Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje, ya kuma sanar da janye ƙasarsa daga WHO. A Fabrairu aka soke kwangilar shirin binciken lafiya na DHS da hukumar USAID ke ɗaukar nauyi tun 1984. A watan ne kuma Birtaniya ta ce za ta rage kuɗin agajinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027. Zuwa 1 ga Yuli, an rufe USAID.

Majalisar dokokin Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 domin cike gurbi. Sai dai idan kuɗi suka yi ƙaranci, magani da allura ake fara saya, kuma babu mai ganin laifin haka. Wanda ke gyara manhaja ba ya cikin waɗanda ake fara tunawa, domin ba a ganin aikinsa sai ranar da ya bari.

A nan ne ake waiwayar abin da masu buɗaɗɗun manhajoji ke alfahari da shi, wato taimakon juna tsakanin masu amfani da su. Wanda ya sani ya koya wa wanda bai sani ba, wanda ya gano matsala ya sanar da kowa.

A takarda wannan hanya ce mai kyau. A aikace kuwa tana da shinge a ɓangarori biyu: wajen mai nema da wajen mai bayarwa.

Wahalar mai neman taimako

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Amma sai ya san inda zai yi tambayar, kuma a fahimci abin da yake nufi.

Shinge na farko harshe ne. Littattafan jagora da bidiyoyin koyarwa na waɗannan manhajoji galibi da Turanci suke, wasu da Faransanci. Ma'aikacin lafiya na iya karanta fom da Turanci, amma saƙon kuskuren da manhaja ke fitarwa wani Turanci ne daban, na masu gina manhaja.

Na biyu shi ne iya tambayar kanta. Injiniyan da ke Abuja ko Oslo zai so ya san wace siga ce ta manhajar, wace irin waya ce, me aka danna kafin ta tsaya, kuma me ta rubuta. Jami'in da abin da zai iya cewa shi ne ta ƙi yi, zai sha jira kafin a gane matsalarsa.

Na uku tsoro ne. A tsarin aikin gwamnati, ƙaramin ma'aikaci ba ya son ya bayyana a gaban manyansa cewa bai iya ba. Zauren WhatsApp da darakta ke ciki ba wurin da kowa zai saki jiki ya yi tambaya ba ne. Wani zai gwammace ya yi shiru, ya koma takarda.

Na huɗu kuɗi ne. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Kallon bidiyon koyarwa na awa guda, ko sauke sabuwar sigar manhaja, yanzu abu ne da ma'aikaci zai yi lissafi kafin ya yi, idan daga aljihunsa kuɗin zai fito. Ga kuma matsalar wuta da raunin sabis a ƙauyukan bakin iyaka.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika magana a kai ba. Hanya mafi sauƙi ta nuna matsala ita ce a ɗauki hoton fuskar waya a tura zaure. Idan hoton na ɗauke da sunan mara lafiya da garinsu da cutar da ke damunsa, an tona asirin mutum, kuma an saɓa wa dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023.

Wahalar mai bayarwa

A kusan kowace ma'aikata akwai mutum guda da ake cewa shi ne ya iya kwamfuta. Shi ake kira idan an manta kalmar sirri, shi ake kai wa waya idan ta cika. Wannan aiki ba ya cikin takardar ɗaukarsa, ba ya ƙara masa albashi, kuma ba a lissafa shi lokacin ƙarin girma.

Ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki, ko wata ƙungiya ta ɗauke shi zuwa Kano, duk abin da ya sani ya tafi da shi.

Wannan matsala ba ta karkara ba ce kaɗai. A ƙarshen Maris ɗin 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya gano wata ɓoyayyar ƙofa da aka dasa a cikin XZ Utils, wata ƙaramar manhaja da ke cikin ɗimbin kwamfutocin da ke riƙe da intanet.

Bincike ya nuna mutum guda ne, Lasse Collin, ya daɗe yana kula da ita a matsayin sa-kai. Ya gaji, ana ta matsa masa da ƙorafi. Sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya zo da sunan taimako, ya shafe kusan shekara biyu yana neman yarda har aka ba shi iko, sannan ya dasa abin da ya zo dasawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin wannan ma, Jamus ta kafa wani asusu a 2022 domin biyan masu kula da muhimman buɗaɗɗun manhajoji. Hujjarta ita ce abin da kowa ya dogara da shi bai kamata a bar shi a wuyan 'yan sa-kai kaɗai ba.

Manoman ƙasar Gumel ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Sun san aikin gayya. Ba a biyan lada a gayya, amma tana da ƙa'ida: mai gona zai tanadi abinci da fura, an san wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma gobe idan aka kira gayya a gonar wani, wanda aka yi wa jiya zai fito. Gayyar da mutum ɗaya ke yi wa kowa noma kullum, ba a ko ba shi ruwa, ba ta kai wa baɗi.

Dungass da Maigatari: manhaja ɗaya, harsuna biyu

Sanƙarau ɗin 2023 bai tsaya a iyaka ba. WHO ta ruwaito cewa daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023 an samu mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, 18 suka rasu. Gundumar lafiya ta Dungass, wadda ke maƙwabtaka da Maigatari, ita ce ta fi yawan masu cutar.

Jama'ar ɓangarorin biyu dangin juna ne. Kowace Alhamis suna haɗuwa a kasuwar dabbobi ta Maigatari.

Ita ma ma'aikatar lafiya ta Nijar da DHIS2 take tattara bayananta. Ke nan jami'in Dungass da na Maigatari suna fama da manhaja iri ɗaya. Ɗaya an koya masa da Faransanci, ɗayan da Turanci, alhali su biyun Hausa suke yi a gida da kasuwa.

Bidiyon minti biyu da Hausa da ke nuna yadda ake ceto bayanan da suka maƙale zai yi amfani a Gagarawa, ya yi amfani a Magarya. Musayar bayanan marasa lafiya tsakanin ƙasashe sai da yarjejeniyar gwamnatoci, musamman bayan tsamin dangantakar da ya biyo juyin mulkin Yulin 2023. Musayar dabarar gyara kuwa ba ta buƙatar izinin kowa, domin manhajar a buɗe take.

Abin da za a iya yi da ɗan abin da ke hannu

Yawancin matsalolin yau da kullum ba su kai a nemi injiniya ba. Kalmar sirri ce ta ɓace, ko agogon waya ya karkace, ko ma'ajiyar waya ta cika, ko an sabunta wata siga an bar wata. Wanda aka horas na 'yan kwanaki zai iya warware su.

Mataki na farko shi ne a fito da sunan mai taimako a fili. Kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun ta ware aƙalla mutum biyu, a rubuta wannan aiki cikin ayyukansu, a ba su kuɗin data da na mota duk wata. Biyu, domin idan an ɗauke ɗaya a samu saura.

Na biyu shi ne a haɗa ƙananan hukumomin a zaure guda. Masarauta ɗaya suke, mazaɓar tarayya ɗaya suke, kuma Gumel na tsakiyarsu. Jigawa ta taɓa gwada irin wannan haɗaka a tsarin Gunduma da ta kafa a 2007, wanda ya tattara ƙananan hukumomi ƙarƙashin gundumomin lafiya tara. Zauren ya zama na abokan aiki, ba na ba da umarni ba, a yarda da saƙon murya da Hausa, a kuma haramta tura hoton da ke da sunan mara lafiya.

Na uku shi ne a sauƙaƙa tambaya. Ɗan kati mai tambayoyi huɗu ya isa: wace manhaja, wace waya, me aka danna, me ta rubuta. Wanda ya amsa waɗannan ya rage wa mai taimako rabin aiki.

Na huɗu shi ne a daina barin amsa ta nutse a cikin hira. Duk matsalar da aka warware a rubuta ta a taƙaice, ko a yi mata ɗan bidiyo mara nauyi da za a iya turawa daga waya zuwa waya ba tare da data ba. Bayan shekara guda za a samu kundin jagora da Hausa wanda ma'aikatan yankin suka rubuta da kansu.

Na biyar shi ne a buɗe hanyar da ƙorafi zai hau sama. Matsalar da ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma ta tafi Dutse, ta fi ƙarfin Dutse ta tafi Abuja, idan kuma kuskure ne a ginin manhajar a sanar da masu ginin. Mai ƙorafi kuma a dawo masa da amsa.

Ta wannan hanya ce mai karɓa zai zama mai bayarwa. Ba sai mutum ya iya rubuta manhaja zai ba da gudummawa ba. DHIS2 da ODK duk suna karɓar fassara daga 'yan sa-kai, kuma fom ɗin ODK na iya ɗaukar tambayoyi da harshe fiye da ɗaya. Hatta daidaita rubutun sunayen garuruwa aiki ne. Sule Tankarkar kaɗai ana rubuta shi a haɗe, a rabe, ko da ɗan layi a tsakiya, kuma kwamfuta na iya ɗaukar su a matsayin wurare uku idan aka zo haɗa bayanai.

Ina za a samo mutanen?

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar fasaha. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi a cikin garin Gumel. Shugaban hukumar NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne.

Akwai kuma matasan da suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Da yawansu na neman aikin gaske da za su nuna sun yi. Ɗalibin da ya fassara sashen wata manhaja, ko ya rubuta jagora, sunansa na nan a rubuce inda duk mai ɗaukar aiki a duniya zai iya gani. Makarantu na iya amincewa da irin wannan a matsayin aikin kammala karatu ko na koyon sana'a, haka ma masu yi wa ƙasa hidima.

Kada kuma a manta da masu gyaran waya na kasuwa. Su ne suka fi kowa sanin halin wayoyin Android masu araha, kuma sun riga sun saba da koya wa yaran shago. Ana iya jawo su wajen gyaran na'ura da batir da caji, ba tare da an ba su damar ganin bayanan marasa lafiya ba.

A matakin ƙasa akwai ƙungiyar Open Source Community Africa da Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018, wadda ta yi babban taronta na farko a Legas a 2020. A Kano akwai eHealth Africa da ta daɗe tana aikin bayanai da taswira a yaƙi da polio. Ilimin yana cikin ƙasar. Tazarar da ke tsakanin Legas ko Kano da wani asibitin mazaɓa a Gagarawa ce ba a cike ba.

Iyakar aikin sa-kai

Akwai masu ganin cewa maganar taimakon juna wata hanya ce da gwamnati za ta sauke nauyinta a kan matasa marasa aiki. Wannan fargaba na da tushe.

Zauren WhatsApp ba zai biya kuɗin rumbun bayanai ba. Ba zai sayi sola ba, ba zai maye gurbin wayar da ta mutu ba, kuma ba zai ɗauki alhaki ba idan bayanan jama'a suka fita. Waɗannan aikin hukuma ne, kuma sai an sa su a kasafi.

Akwai ƙofofin da za a iya ƙwanƙwasawa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF da ke tura kuɗin gudanarwa kai-tsaye ga zaɓaɓɓun asibitocin matakin farko. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kuma ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye. Kuɗin data da na mota na mutum takwas a ƙananan hukumomi huɗu ba abin da zai gagari kowace majalisa ba ne, idan shugabanninta sun ɗauke shi da muhimmanci.

Haka kuma duk ƙungiyar da za ta kawo sabuwar manhaja yankin, ya kamata gwamnatin jiha ta tambaye ta tun ranar farko: idan shirinku ya ƙare, wa kuka horas, ina jagorar da kuka bari, kuma da wane harshe?

Sanƙarau na zuwa ne da rani, daga lokacin hunturu zuwa tsananin zafin Maris da Afrilu, kuma arewacin Jigawa na cikin yankin da cutar ta saba dawowa. Watannin damina da kaka su ne lokacin da za a ware masu taimako, a buɗe zaure, a gwada kowace waya.

Idan aka bari sai ranar da wani DSNO ya tsaya da bayanan yara biyar a hannunsa manhaja ta ƙi turawa, to a ranar babu lokacin neman lambar wanda za a kira.